Nauyin da Na Ƙara wa Maigida

A shekararmu ta biyu a Landan ne maigida ya shigo da maganar wasan ƙanƙara. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati sai tura ma'aikata kwas take yi waje, shi ma ma'aikatarsu ta turo shi wata kwaleji a Bloomsbury. Muka kama ɗaki biyu a Croydon, a saman gidan wata tsohuwar Baturiya mai kyanwa uku. Kullum da sassafe zai hau jirgin ƙasa ya shiga gari, ba zan sake ganinsa ba sai bayan magariba. Ni kuwa ba mai son fita ba ce tun a gida. Duniyata a Landan ba ta wuce shagon Ba'indiye mai sayar da semolina ba, da mahauci, da gidan wanki. Turancina ma a matakalar bene na tsince shi, daga bakin tsohuwar nan da talabijin ɗinta. In na ji magana sau biyu, shi ke nan ta zauna.

Ɗaliban kwalejinsu ne suka shirya tafiya Sikotilan a hutun hunturu, wai a hau dutse a zamo a kan ƙanƙara. Maigida ya ce shi ma ya ba da sunansa. Na ce, “Malam, kai da ko keke sai da ka girma ka koya?” Ya ce ai ba zai koma Kaduna a tambaye shi me ya gani a Turai ya ce aji da ɗakin karatu ba.

Wata Asabar ya dawo daga wani babban kanti a cikin gari, shi da abokinsa, suna ta nishi a matakala. Abokin nan Bakatsine ne, kwas ɗaya suke yi, mutum mai baki da ban dariya, kuma duk Asabar a wurinmu yake cin tuwo. Suka zube kayan a tsakar ɗaki: katako biyu dogaye sun fi maigida tsawo, da wasu takalma masu nauyi kamar turmi, da wani kwali. A cikin kwalin akwai wasu ƙarafa masu sifirin, su ake ɗaurawa a kan katakon su riƙe takalmin. Ni da na gan su sai na ce tarkon ɓera, sunan kuma ya bi su, har maigida ma tarko yake cewa. To ashe ba haɗe ake sayar da su ba, sai an huda katako an ɗaura. Kantin da suka saya sun ce aiki ya yi musu yawa, sai bayan mako uku. Tafiya kuwa saura kwana goma.

Na ce ai akwai wani ɗan shago a hanyar gidan wanki, ina ganin irin katakon nan jingine a tagarsa.

Bakatsine ya ce, “Uwargida, ba ki san Bature ba. Ki sayi kaya a wurin wani ki kai masa ya gyara? Ko ya karɓa, da baƙin ciki zai yi aikin.”

Na ce, “To mene ne a ciki? A Kano ba a Kwari muke sayen yadi mu kai wa tela a unguwa ba? Tela ya taɓa cewa don me ba a wurinsa aka saya ba?”

Ya yi dariya, ya kai loma, sannan ya dubi maigida ya ce, “Wai ni uwargida, cefanen da ake ba ki ina yake zuwa ne? Dubi mutumin nan. Iskar Sikotilan ɗaya za ta ɗauke shi ta dire shi a Funtuwa, ba sai an saya masa tikitin komawa ba.”

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma maganar ta soke ni. Gaskiya ce, maigida ya rame. Dama can dogo ne siriri, ga sanyi, ga karatu, ga abincin rana na kwaleji da ba ya iya ci. Kuma ba a fi wata biyu ba da muka aika hoto gida, surukata ta sa aka rubuto wasiƙa, gaisuwa layi uku, sauran duk tambaya ce: ko ɗanta ba shi da lafiya ne, ko kuwa a can ba a girki? Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane ba. Miji in ya rame, ba shi ake kallo ba, matarsa ake kallo.

Ran Litinin maigida yana da jarrabawa, don haka ni na ɗauki kayan. Na saɓa katakon a kafaɗa kamar mai tallan rake, takalmi ɗaya da kwalin a jaka, ina tafiya ina ba mutane haƙuri don kada in tsone wa wani ido.

Mai shagon dattijo ne, gajere, mai furfura, gilashinsa rataye da igiya a wuya. Shagon yana warin kakin zuma da man inji. Ya buɗe kwalin, ya juya tarkon, ya ga tambarin kantin da aka saya, ya ɗan yi murmushi. Ya ce, da Turancinsu mai taushi, “Ba nawa ba ne, amma masu kyau ne. Zan ɗaura.” Ko alamar baƙin ciki ban gani a fuskarsa ba, har ya jawo mini kujera.

Sai ya ɗauko wani ɗan kati da fensir. Ya ce ya fi son mai kayan ya zo da kansa. Na ce yana makaranta, ba ya dawowa sai an rufe shago. Ya ce to, in na san amsa ba laifi. Tsawonsa? Na ɗaga hannu sama da kaina na nuna. Ya dubi takalmin, ya gyaɗa kai, don maigida ƙafa gare shi tubarkalla. Sai ya ce, nauyinsa fa?

Na sani sarai. Akwai sikeli a banɗakin tsohuwa, maigida yakan hau duk Juma'a bayan wanka ya faɗa mini, ni kuma in ji kamar sakamakon jarrabawata ake karantowa. Su can ba da kilo suke faɗin nauyin mutum ba, da wani ma'auni ne wai shi siton. Maigida siton tara da rabi ne. Har na buɗe baki zan faɗa, sai na hango dattijon nan yana rubuta tara da rabi a ƙarƙashin wannan tsawo, ya ɗago ya dube ni, ni da nake cike da kujerarsa.

Na ce, “Sha uku.”

Ya ce, “Babban mutum.” Na ce ƙwarai. Wallahi har wani daɗi na ji.

Ya ce ya taɓa yin wasan, ko wannan ne na farko? To ni ban taɓa jin matar da aka tambaya a gaban baƙo ko mijinta ya iya abu ta ce bai iya ba. Na ce ya iya sosai.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce rashin sani ne. Amma dattijon nan bai bar ni cikin duhu ba. Ya ɗauko wani katako da aka riga aka ɗaura wa tarko, ya sa takalmi a ciki, ya buge shi da tafin hannu ta gefe, takalmin ya yi tsalle ya fita, ƙwas. Ya ce aikinsa ke nan: ya riƙe, amma in mutum ya faɗi ya sake shi, don kada katako ya murɗe ƙafa. Ya nuna mini wani sukuru a baya. Mai nauyi, wanda ya ƙware, a ɗaure masa da ƙarfi. Mara nauyi, sabon shiga, a sassauta. Ya maimaita a hankali, yana kallon fuskata ya ga ko na gane. Na gane. Ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba.

Ya ce, “Sha uku ko, madam?”

Nan ne wurin da nake komawa har yau. Ba abin da zai ci ni in na ce a'a, na yi kuskure, tara da rabi ne. Amma in janye maganata a gaban Bature, ya gane ƙarya na yi? Sai na ce wa raina, ai abin da ya riƙe da kyau ya fi wanda zai kwance. Ai ko tela cewa muke ya ƙara ɗan yadi, ba a taɓa yin da-na-sanin ƙari ba. Na ce, “Sha uku.” Ya miƙo katin na sa hannu.

Bayan kwana uku na je na karɓo. Aiki tsaf, har ya goge katakon yana sheƙi, ya ɗaure mini su da igiya yadda za su yi daɗin ɗauka. Maigida ya yaba, ya ce wa Bakatsine, “Ka ga telan uwargida?” Na soya masa dambun nama da cincin na tafiya, na cusa masa safa biyar a jaka. Sau biyu ina cewa bari in gaya masa, sau biyu ina fasawa, don in na faɗa sai na faɗi dalili.

Kwana shida za su yi. A rana ta uku da hantsi tsohuwa ta ƙwala mini kira daga ƙasa, wai ana nemana a waya. Bakatsine ne, kuma ranar babu wasa a muryarsa. Ya ce, “Uwargida, ki kwantar da hankalinki, da ransa. Ƙafa ce.” A ɗan gangaren da ake koya wa sababbi ya faɗi, faɗuwar da kowa yake yi ya tashi yana dariya. Nasa katakon ya kafe a ƙanƙara, jikinsa ya juya, tarkon bai sake ba. Ƙashin ƙauri ya karye wuri biyu, gwiwa ma ta taɓu.

Na ajiye wayar na zauna a matakala. Tsohuwa ta kawo mini shayi tana shafa bayana tana cewa ba laifin kowa ba ne, irin wannan yana faruwa.

Sai bayan mako biyu aka dawo da shi, filasta tun daga yatsu har cinya, ya ƙara zubewa. Na yi jinya iyakar ƙarfina. Farfesun ƙashi kullum, ruwan alwala a roba har gado, in juya shi, in sosa masa cikin filasta da allurar saƙa ta tsohuwa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce maigida ya yi dacen mata. Shi ma yakan ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ban taɓa jin addu'a mai nauyi irin wannan ba.

Bakatsine ne ya kawo labarin abin da mai koyar da su ya ce. Wai da ya duba tarkon sai ya riƙe baki, ya ce wannan ɗaurin na ƙaton mutum ne wanda ya shekara goma yana wasan, wa ya ɗaura wa wannan bawan Allah haka?

Ya ce, “Ban faɗa ba? Na faɗa a ɗakin nan, ina zaune a nan. Haushi ya ji ba a wurinsa aka saya ba. Kuma ya ga baƙar fata, mace, ya ce bari ya yi yadda ya ga dama.”

Maigida ya juyo ya ce, “Da kika je, bai tambaye ki komai ba?”

Ina tsugune ina kwashe kwanuka. Na ce, “Ya dai karɓa ya ce in dawo ran Alhamis.”

Da maigida ya fara takawa da sanduna, suka ce sai an je. Na ce a bar shi da Allah mana. Bakatsine ya ce a'a, in aka yi shiru gobe wani zai karya. Kuma dole in bi su, ni ce shaida. Tafiyar da nake yi a minti goma, ranar ta ɗauke mu kusan rabin awa, maigida yana tsayawa yana hutawa a jikin katangar mutane, ni ina bayansu rungume da katakon.

Akwai mutane a shagon, wani mutum da 'yarsa suna gwada takalmi, da wasu samari biyu. Bakatsine bai jira sun fita ba. Ya karɓi katakon a hannuna ya maka a kan tebur, ya fara da Turancinsa na kwaleji, da ƙarfi, har na waje suna leƙowa. Dattijon ya sa gilashinsa. Ya dubi tarkon, ya gane aikinsa. Sannan ya dubi maigida, tun daga filasta har wuyansa da ya fito daga kwat kamar na zalɓe. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya juyo ya dube ni.

Akwai wani akwatin katako a gefen teburin inda yake jera katunan aiki. Na ga hannunsa ya tafi can. Ya ɗora yatsu a kan katunan, har ya fara turawa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon igiyar takalmina. Ban roƙe shi ba, ko da ido. Sai na ji ƙarar murfin akwatin ya rufe.

Ya ce wa maigida, “Ni na ɗaura. Bai kamata in ɗaura ba sai na gan ka da idona. Ka yi haƙuri.”

Bakatsine ya ce, “Kun ji ko? Ya amsa!” Maigida, mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko ɗan aike ba, ya nuna dattijon da sandarsa, ya ce masa macuci, mugu, wanda ba ya tsoron Allah. Ya faɗa da Turanci, ya maimaita da Hausa. Mutumin nan mai 'ya ya cire wa 'yarsa takalmin, ya ja hannunta suka fita. Da za mu fita ma dattijon ne ya zagayo ya riƙe wa maigida ƙofa, don sanduna.

Bakatsine bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa ƙungiyar ɗaliban da ta shirya tafiyar, ya ba da labari a masallaci ran Juma'a, ya ba tsohuwarmu, ita kuma ta ba duk layin. Ban san iyakar ɓarnar da hakan ta yi wa mutumin ba, kuma ba zan ƙara gishiri ba. Na dai san na canja gidan wanki, na koma wani mai nisa, ina hawa bas da ƙullin kaya. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a wurin mahauci. Ya ɗaga hularsa ya ce, “Ya ƙafar?” Na ce da sauƙi. Ya ce madalla. Na fita ban sayi naman ba.

Maigida ya ƙarasa kwas ɗinsa da ƙyar, muka dawo Kaduna. Ƙafar ta haɗe amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Yana ɗan ɗingishi, a salla kuma sai ya miƙe ta gefe in zai zauna tahiya. Labarin ya zama abin hirarsa. Duk baƙon da ya tambayi ƙafar, sai ya gyara zama ya ce, “Wani Bature ne a Landan.” Ina kicin ina jiyowa, na san inda zai tsaya a yi salati, na san inda za a ce Allah wadai.

Wata Lahadi bayan la'asar, da baƙi suka tafi, ina kwashe kofuna, na ce, “Malam, mutumin nan ya tambaye ni nauyinka.” Na faɗa masa duka, har da bugun takalmin da tafin hannu, har da tambaya ta biyu, har da akwatin da ya rufe. Ban yi kuka ba sai da na zo wurin akwatin.

Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, “Sha uku?” Na ce e. Ya dubi jikinsa, har ya so ya yi dariya, dariyar ba ta fito ba.

Ya ce, “Ƙafa tawa ce, na yafe miki. Amma kin tsaya a bayana ina zagin dattijo a gaban mutane, shi yana rufa miki asiri. Wannan ba ni zan yafe ba, ni ma nema zan yi.”

Ya rubuta wasiƙa da hannunsa, shafi biyu, ya karanta mini, na sa hannu a ƙasa. Amsa ba ta zo ba. Ko ta isa, ko shagon ya tashi, ko ya karanta ya ajiye, Allah ne masani. Na ce to a gaya wa Bakatsine, tunda shi ya yaɗa. Maigida ya ce a'a. Ya ce bakin mutumin nan ba ya riƙe magana, kafin sati ta isa kunnen tsohuwarsa da 'yan'uwansa mata, kuma na san abin da zai biyo baya. Na sani. Kuma ba zan ɓoye ba, sanyi na ji a raina da ya hana. Daga ranar in an tambayi ƙafar sai ya ce faɗuwa ya yi a ƙanƙara, ya kawo wata hira.

Bakatsine kuwa ya ci gaba da ba da labarinsa shekara da shekaru, duk zuwan da zai yi gidanmu, yana ƙara masa kitse. Maigida yakan ce, “A bar maganar nan, Alhaji,” shi kuma ya ce, “Ka ji shi, haƙurinsa ne ya sa aka karya shi.”

Ranar sadakar bakwai ta maigida, Alhajin ya shigo cikin gida yi mini gaisuwa. Ya tsufa, da sanda shi ma, jikansa na riƙe da shi. Ya zauna a kan tabarma daga bakin ƙofa, ɗaki cike da mata, ƙannen maigida biyu suna gefena. Ya yi addu'a, ya share hawaye, ya shiga yabon abokinsa. Sai ya ce, “Mutumin da wani azzalumin Bature ya nakasa shi da gangan, amma ko sau ɗaya...”

Na ce, “Alhaji, tsaya. Ba Baturen ba ne, ni ce. Ya tambaye ni nauyin Malam na ƙara, ya tambaye ni ko ya iya na ce ya iya. Abin da na faɗa masa shi ya ɗaura.”

Alhaji ya dube ni da jajayen idanunsa, ya girgiza kai.

Ya ce, “Allah sarki, uwargida. Haka rashi yake, sai mutum ya riƙa ɗora wa kansa laifin komai. Ai ina wurin. Da kunnena na ji ya amsa.” Ya juya wurin matan ya ce, “Ku ba ta ruwa ta sha, ku bar ta ta kwanta.”

Ƙanwar maigida ta miƙo mini kofi, tana cewa sannu Yaya, sannu. Na karɓa na sha.